Rariyar Gidan Gado

A gidanmu na gado da ke Ƙaura Namoda akwai wata rariya a gindin katangar gabas, ɗan rami ne da bai fi a zura hannu biyu ba. Wata takwas a shekara ba ta da aikin fari balle na baƙi. Kaji su leƙa, ƙadangaru su sha inuwa, mu kuma muna yara mukan kwanta rub da ciki mu riƙa ƙirga ƙafafun masu wucewa ta cikinta. Daga bakinta akwai wani lungu mai faɗin taku uku da ya bi gefen katanga har ya gangara kwata. Ba mai kwana a lungun, ba wanda ya taɓa dasa ko barkono a cikinsa. Ranar rabon gado ma babu wanda ya ambace shi.

Shekarar da Baffa ya ajiye aiki ya karɓi kuɗin sallama, sai ya ce zai zuba shaguna huɗu a gaban gida. Dabarar ba ta da aibu. Titin ya cika da ɗalibai da masu babura, hayar shago ɗaya za ta ɗauke kuɗin makarantar yara biyu. Cikin watan Maris aka kawo magini, rana na dukan ƙasa kamar ta tsage. Ya ja igiya, ya buga turaku, sannan ya ɗago ya ce in aka haɗa da lungun nan shagunan za su zama biyar. "Ai fili ne a banza, Alhaji."

Gwaggo, yayar Baffa, ita ce mai ɗakin ƙarshe, can inda tsakar gida ta fi kwari. Ta fito da carbinta ta tsaya a bakin zaure ta ce, "Alhaji, ruwan fa, ina za shi bi?"

Baffa ya yi dariya. "Haba Yaya, wane ruwa cikin wannan bazara? In damina ta zo a san yadda za a yi."

Damina ta zo cikin watan Agusta ta sanar da mu yadda za a yi. Aka kece da ruwa tun bayan isha'i, kamar da bakin ƙwarya, bai tsagaita ba sai gab da asuba. Tsakar gida ta cika har gwiwa. Muka ɗauko Gwaggo a baya muka kai ta zaure, buhunan geronta biyu suka jiƙe, kafin gari ya waye bangon ɗakinta na jar ƙasa ya zauna. Ruwan kuma bai haƙura da hanyarsa ta dā ba. Ya ɓula ta ƙarƙashin bangon shago na biyar, inda wani tela ya tara shaddojin mutane na ɗinkin salla, ya fita ta ƙofar gaba ya gangara kwata, daidai inda ya saba bi tun kakanninmu.

Wannan rariya ce take faɗo mini a rai duk lokacin da na ji ana maganar burtali a ƙasar Zurmi. Ita ce kuma ta faɗo mini ranar da na karanta rigimar da ake yi a duwatsun Suwidin tsakanin masu wuraren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da wasu makiyaya da ake kira Sami. Dusar ƙanƙara ban taɓa ganin ta ba sai a talabijin, amma maginin da ya auna fili da rani ya ce babu kowa a cikinsa, shi kam na san shi farin sani.

Bari in fara da gida. Gabas da Ƙaura, daga ƙasar Zurmi da Birnin Magaji har iyakar Katsina, akwai dajin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe a matsayin gandun daji, daga baya aka mayar da shi makiyaya. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ita ce ta ba irin waɗannan wurare gindin zama. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. A cikinsa an bar wa manoma garuruwa huɗu da gonakinsu: Dumburum, Shamushalle, Tsabre da Aja. Sunan Dumburum a yau in an ambata sai gaban mutum ya faɗi, amma dattawan da suka yi fataucin shanu sun san shi da nono mai kauri da man shanu mai arha.

Zaman yana da tsari, ko da ba a rubuce yake ba. Da damina shanu su shige daji su bar wa manomi gonarsa. Da kaka, in an yi girbi an ɗaure dammuna, sai su fito su ci kara da harawa, Bafulatani ya kafa ruga a gonar wanda ya gayyace shi, shanu su kwana su zuba taki, mai gona ya ba da dammunan gero. Da rani a gangara fadamun Bunsuru da Gagare, wasu su nausa kudu, wasu kuma su sauko daga Nijar. Ranar Alhamis a haɗu a kasuwar Shinkafi, inda motocin shanu ke lodi zuwa Kurmi. Abin da ya ɗinke wannan zagaye duka shi ne burtali da labi da mashaya. Burtali yakan kasance da shingen aguwa dama da hagu, tsakiyarsa yashi da kashin shanu. In ka bi ta cikinsa a watan da garke ba ya wucewa, ba za ka ga komai ba sai fili mai taki da ya fi gonar gefensa kyau, yana kwance a banza.

Yadda ake cin burtali kuwa ba ya buƙatar mugu. Manomin dama ya ƙara kunya ɗaya bana, na hagu ya ga haka ya ƙara tasa. Baɗi a sake. Kowannensu yana da hujja, iyali sun ƙaru, gonar gado an raba ta gida shida. Takin zamani ya zo ya rage wa manomi buƙatar ruga a gonarsa. Ya sayi shanun huɗa da tumakin turka, kara da harawa suka zama kuɗi, yana kwashewa ya ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki. Hanyar da garke ɗari ke bi a sake ta koma sai dai su bi a jere, ɗaya bayan ɗaya, da dawa tana kaɗa musu ganye a baki ta kowane gefe. Saniya kuwa ba ta san takardar gona ba. In ta ci, a kai ƙara, a yanke tarar da ta ninka ɓarnar sau da yawa, makiyayi ya sayar da bijimi ya biya, ya tafi da abin a ransa.

Wannan cin ƙananan kunyoyi ne. Shago na biyar ya zo daga baya. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 aka koma mulkin farar hula a 1999, an yanka manyan gonaki a cikin dazuzzuka da makiyayu aka raba. Masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun ambaci yankin Gidan Jaja a ƙasar Zurmi da dajin Kuyambana a ƙasar Maru cikin wuraren da hakan ya tashi rugage. Da sunan bunƙasa noma aka yi, kuma wanda ya kalli taswira a ofis lalle zai ga daji ne kawai ba gida ba gona. A 2019 gwamnatin jihar ta sanar da soke rabon gonakin da aka yi a cikin makiyayu. A shekarar ne kuma kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya jagoranta ya ƙirga mata 4,983 da aka mayar zawarawa, da marayu 25,050, da mutum 190,340 da suka bar gidajensu tsakanin 2011 da 2019. Soke takarda bayan wannan lissafi ya yi kama da Baffa tsaye cikin ruwa har gwiwa yana cewa a kira magini.

To, su Sami fa? Mutane ne da ke zaune a can ƙuryar arewacin Turai tun kafin a shata iyakokin Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, waɗanda suka raba ƙasarsu gida huɗu, kamar yadda iyaka ta ratsa tsakanin Zurmi da Maraɗi. Mafi yawansu yau ma'aikata ne da masunta da malamai, amma kiwo shi ne ƙashin bayan al'adarsu da harshensu. Dabbarsu wata irin barewa ce mai ƙaho rassa-rassa, mu kira ta barewar ƙanƙara. Kowane mai dabba yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen 'yan maruƙansa, ana gadonta kamar yadda ake gadon shaidar garke a wurinmu. A Suwidin makiyayan sun kasu ƙungiyoyi 51, kowace da yankin kiwonta, kuma haƙƙin kiwon ya shafi kusan rabin faɗin ƙasar. Ƙasar ba mallakarsu ba ce a takarda. Abin da doka ta amince musu da shi shi ne haƙƙin amfani saboda daɗewa, wato tun kaka da kakanni nan suke bi.

Shekararsu zagaye ce irin ta Bafulatani, sai dai sanyi ne ke kora su maimakon fari. Cikin watan Mayu matan barewar ke haihuwa a gangaren duwatsu. In zafi ya shigo garke ya haye ƙololuwa don gudun sauro da ƙudaje. In hunturu ya kama a gangara dazuzzukan gabas, tafiyar da kan kai ɗaruruwan kilomita, inda dabbar ke tona dusar ƙanƙara da kofato ta ciro wani gansakuka fari-fari, shi ne harawarta. Ɗumamar yanayi ta ƙara musu wata wahala: ruwan sama ya sauka a kan dusar a tsakiyar hunturu, ya daskare ya zama kamar daɓen siminti, abinci na ƙasa dabba na sama tana kallo. A irin wannan shekara makiyayi yana buƙatar wuri na biyu da na uku da zai karkata garke. Wurin da ya yi shekara biyar bai taka ba, shi ne zai cece shi a ta shida.

Sai baƙi suka zo, kuma jirgin ƙasa ne ya kawo su. Mu a Ƙaura mun san abin da dogo ke yi wa gari, tunda layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau a nan ya tsaya a 1929, ya jawo kantuna da 'yan gyaɗa da baƙi daga ko'ina. Garin Åre, wanda masu shi ke furtawa Ore, ya sami nasa dogon a 1882. Dutsen da ke bayansa tsawonsa mita 1,420. A 1910 aka kafa keken da ke hawa da mutane gangaren dutsen, aka bi da otal-otal, sannan kujerun da igiyar ƙarfe ke ja zuwa sama don mutum ya zamo ƙasa a kan katako biyu. Garin ya karɓi gasar duniya ta wannan wasa sau uku, a 1954 da 2007 da 2019. Dubban mutane ke cin abinci da wannan harka, har da Sami masu sayar da nama da kayan hannu. Ban ga wanda zai ce a rufe ba, kamar yadda Gwaggo ba ta taɓa cewa kada a gina shaguna huɗun farko ba.

Matsalar tana ga lokaci da wuri. Ƙarshen hunturu, lokacin da rana ta fara daɗi dusar kuma ba ta narke ba, shi baƙi suka fi so, shi ne kuma lokacin da matan barewa ke da tsohon ciki. Babur ɗin ƙanƙara ɗaya ko kare ɗaya da ya kwance ya isa ya watsa garke, uwa ta gudu ta bar ɗan da ta haifa yanzu. Mai yawon buɗe ido ba ya ganin ɓarnar da ya yi, don kafin ya iso dabbobin sun riga sun tsere. Ya ɗauki hoto ya koma gida yana ba da labarin dajin da babu kowa. Kowane sabon gidan hutu, kowace sabuwar hanya, in ka ɗauke ta ita kaɗai ba ta kai a yi magana ba. Kunya ɗaya ce.

Abin da ya ba ni sha'awa ya faru a duwatsun da ke kudu maso yammacin Åre. Akwai wata daɗaɗɗiyar ƙungiyar yawon buɗe ido ta ƙasar, STF, mai masaukai a kan hanyar da masu tattaki suka fi so, tsakanin Storulvån da Sylarna da Blåhammaren. Makiyayan yankin sun daɗe suna kukan cewa yawan jama'a ya hana dabbobinsu kiwo. A 2023, da lokacin sabunta hayar filayen ya zo, ƙungiyar ta sanar cewa za ta rufe masaukinta na Gåsen gaba ɗaya, ta rage gadaje a wasu, ta daina dafa abincin alfarma a can cikin duwatsu, ta kuma taƙaita watannin da take buɗewa. Mutane da yawa sun yi fushi, wasu sun ce an hana talaka shan iska a ƙasarsa. Amma ka duba abin da aka yi: mai shago ne ya rushe shago na biyar da hannunsa tun bango bai faɗi ba, ya yarda cinikinsa ya ragu. A duk surutun "ci gaba mai ɗorewa" da ake cika mana kunne da shi a tarurrukan otal, inda ake raba jaka da biro, ban cika jin wanda ya kawo misalin abin da shi ya haƙura da shi ba.

Kada a ɗauka can aljanna ce. An yi shekaru ana hana 'ya'yan Sami magana da harshensu a makaranta, an tashi wasu daga ƙasarsu da ƙarfi, har sai da Sarkin Norwe ya nemi afuwarsu a 1997. Majalisunsu na kansu ba su samu ba sai 1989 a Norwe, 1993 a Suwidin, 1996 a Finlan, ta Norwe ma sai bayan doguwar zanga-zangar madatsar ruwan Alta. Ko yanzu sai an kai ruwa rana. A yankin Fosen na Norwe an kafa manyan fankoki 151 masu samar da lantarki da iska a kan wurin kiwon hunturu. A watan Oktoban 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce lasisin bai halatta ba, don ya tauye haƙƙin makiyayan na raya al'adarsu. Fankokin suka ci gaba da juyawa abinsu. Sai da matasa suka toshe ƙofofin ma'aikatu a Oslo a 2023 kafin aka zauna aka daidaita: diyya duk shekara, alkawarin wani wurin kiwo, da ikon hana sabunta lasisi in wa'adinsa ya cika. Ko fanka ɗaya ba a tumɓuke ba. Abin da aka riga aka zuba wa siminti, ko a Turai da wuya ya tashi. Makiyayan Girjas a Suwidin kuma sun shigar da ƙara a 2009 kan wa ke da ikon ba da izinin farauta da kamun kifi a duwatsunsu, ba su yi nasara ba sai Janairun 2020, bayan hukuncin ma aka riƙa tsintar dabbobin Sami an harbe.

Duk da haka shekara goma sha ɗaya a gaban alƙali ta fi kwana ɗaya a bakin bindiga. Makiyayin Sami yana da ƙungiyar da doka ta sani, yana da taswirar da ta nuna hanyar garkensa, yana da kotun da in ya daure zai iya kayar da gwamnati a cikinta. A yankin Laponiya, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren tarihi a 1996, Sami ne ke da rinjaye a hukumar da ke gudanar da shi tun 2013. Gwaggo ke nan aka ba kujera tun ranar da magini ya zo da igiyarsa, ba a bar ta tsaye a bakin zaure ba. Makiyayin Gidan Jaja da ya dawo daga cin rani ya tarar da tarakta a inda rugarsa take, wace takarda zai nuna, a gaban wa?

Abin haushin shi ne wannan fahimta ba sai mun aro ta daga Turai ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin haƙƙin wucewa da haƙƙin magudanar ruwa da haƙƙin shayarwa, waɗanda mutum ke da su a kan filin da ba nasa ba. A cikin Muwaɗɗa Imam Malik ya kawo labarin Dahhaku ɗan Khalifa, wanda ya so ya ja ruwa ta cikin gonar Muhammadu ɗan Maslama, mai gona ya ƙi, Sayyidina Umar ya tilasta a bar ruwan ya wuce. Kalmar hurumi da muke amfani da ita ga filin da gari ya keɓe don dabbobi ita ma daga can ta samo tushe. Duk wani limamin ƙauye a ƙasar Zurmi ya karanta wannan a zaure. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun gwada rubuta shi da harshen hukuma. Bayan kisan Toda a yankin Maraɗi a 1991, inda aka hallaka fiye da mutum 100, yawancinsu mata da yaran Fulani, ƙasar ta fitar da dokar karkara a 1993, ta ƙara da dokar kiwo a 2010 wadda ta amince cewa yawo da dabba haƙƙi ne. Akwai kwamitocin filaye da ke haɗa manomi da makiyayi da sarakuna, kuma in ka bi wasu hanyoyin jihar Maraɗi za ka ga turakun siminti jere a gefen burtali. Ba su hana rigima ƙaf ba. Amma turken siminti ya fi aguwa wuyar matsarwa da dare.

Akwai wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne yadda ake son kayan mutum ba a son mutumin. A wuraren shaƙatawa na arewacin Finlan an daɗe ana sa wa ma'aikata rigar Sami ta jabu don baƙi su ɗauki hoto, alhali rigar gaskiya tana faɗin garin mai ita da danginsa. Ana tallar keken da karnuka ke ja da ɗakin ƙanƙara a matsayin al'adar wurin, ba kuwa nasu ba ne. Sai da majalisar Sami ta Finlan ta fitar da ƙa'idojin yawon buɗe ido a 2018 tana cewa a daina. Kafin mu yi musu dariya mu ciro tsohuwar takardar naira 10 mu juya bayanta. 'Yan matan Fulani ne ɗauke da ƙoren nono. Hotonsu na bangon otal, yana kalanda, ana gayyato masu sharo ranar bikin al'adu su nishaɗantar da manyan baƙi. Saniyar da aka tatso nonon cikin ƙwaryar kuwa ba ta da ta inda za ta bi ta sha ruwa. In Allah ya kawo zaman lafiya, na san za a taso da maganar jawo baƙi su ga Dutsen Kwatarkwashi da kufan Alƙalawa da kabarin Namoda, kuma ina maraba. Fatana a tambayi masu noma da kiwo a gindin wuraren tun ana zane, kada a tuna da su sai ranar buɗewa a ce su zo da kalangu.

Kwatancen nawa yana da inda ya tsaya, kuma gara in faɗa da bakina. Ruwa ba shi da hankali, ba a kai shi gaban alƙali. Mutum yana da zaɓi. Wanda ya ɗauki bindiga ya ƙone ƙauye, ya sace matan aure a hanyar Shinkafi, ya sa wa manoma harajin girbi, ba toshewar burtali ce ta danna masa kunamar ba, kuma mafi yawan waɗanda aka toshe wa hanya ba su ɗauki komai ba sai sandarsu, suka yi ƙaura ko aka sace nasu shanun su ma. Akwai makaman da suka kwararo, akwai kisan gillar da aka yi wa Fulani a kasuwanni da sunan sa-kai, akwai kuɗin fansa da ya mayar da ta'asa sana'a. Ranar da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Satumban 2021, manomi da makiyayi tare suka ji a jikinsu. A gidanmu ma haka aka yi. Ruwan bai nemi Baffa ba, ɗakinsa na kan tudu. Gwaggo da ta yi gargaɗi ita ta rasa ɗaki, sai tela da bai san hawa ba bai san sauka ba, ya yi wata uku yana biyan shaddojin mutane.

Baffa bai rushe shagon ba. Ya kira maginin nan dai, aka fasa daɓen, aka binne bututu daga bakin rariya zuwa kwata, aka bar ɗan murfin siminti a tsakiyar shagon don a riƙa buɗewa ana yashewa. Bututun bai kai rabin faɗin lungun ba, leda ɗaya da ɓawon rake sun isa su toshe shi. Gwaggo ta karɓi sabon ɗaki na bulo, amma ta kafa sharaɗi a gaban mai unguwa: duk wanda zai kama hayar shagon a gaya masa zancen murfin kafin ya biya, kuma mabuɗi ɗaya ya zauna a wurinta. Duk watan Mayu, da ta ga hadari ya fara haɗowa daga gabas, sai ta tura yaro da doguwar gora. Haka ta yi har Allah ya karɓi abinsa.

Bara na je Ƙaura gab da faɗuwar damina. Telan ya daɗe da tashi, wani saurayi ne a shagon yana sayar da lemo da ruwan leda. Na nemi murfin ban gani ba, ashe firji ya ɗora a kai. Na ce, "Samari, an gaya maka abin da ke ƙarƙashin nan kuwa?" Ya ce, "Wallahi Baba, haka na tarar da wurin, na ga ya fi ko'ina lafewa." Mabuɗin Gwaggo ba wanda ya san inda ya shiga. Muka kwashe kwalabe, muka ja firjin gefe, muka ɗaga murfin da bakin shebur. Gorar da ya aro a maƙwabta ba ta shiga ko kamu biyu ba ta tsaya. Muka yi ta zaƙulo leda da yashi da wani silifas na yaro, ƙafar hagu, har aka kira la'asar.